Lifidin Inna

Man gyaɗa ne ya ƙone Inna. Tana suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gidanmu na Ɗanzomo, ta juya za ta ɗauki matsami, sai wata akuya ta shigo a guje ta bangaje murhu, kaskon ya kife mata a baya tun daga kafaɗa har cinya. A shekarun nan ne da kowa ya haukace da noman gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Ni Laure lokacin aurena ya mutu ina zaune a gida, saboda haka jinya ta faɗo a kaina.

Wanzamin garinmu ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Cikin wata biyu gyambon ya kame, sabuwar fata ta fito, ja, siririya kamar yanar kunu. Muka ce alhamdu lillahi, ashe wahalar ba ta ma fara ba. Fatar nan ba ta son komai ya taɓa ta. Na gwada saƙi, na gwada tsohon zanen da ya sha wanki har ya yi laushi, duk wanda na ɗora sai gashin zaren ya kama ta, Inna ta ƙwalla ƙara. Matar da ta haifi tara ba a taɓa jin nishinta a waje ba.

Haka take kwance rub da ciki a kan tabarma, babu ko ƙyalle a jikinta. Ku da ba ku san Inna ba, ba za ku gane nauyin wannan ba. Mace ce da ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba. Ta hana kowa shiga ɗakin, daga ni sai Larai matar wana. Shi kansa wan nawa Ilu, ɗanta na fari, a bayan asabari yake durƙusawa ya gaishe ta safe da yamma, ta amsa masa daga ciki.

Sai sanyi ya sauko. Da ma a ce za a iya hura mata wuta ne, to da sauƙi, amma ko garwashi ta hango sai jikinta ya ɗauki ɓari. Ba wuta, ba mayafi. Barci ya ƙaurace mata, abinci ma ta soma ture shi. Wata safiya ina ba ta kunu ta kawar da kai ta ce, "Laure, ku bar ni a rufe ni da ƙasa kawai. Ita dai na san ba za ta yi mini zafi ba."

Na fita bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi, sannan na dawo na hau zazzage gidan ina neman abu mai laushi. A ƙasan adudun marigayi Baba na ci karo da wani ƙunshi. Baba falke ne, yana zuwa Damagaram, kuma ashe ya ajiye guntayen alharini da ya samo wajen Larabawa. Guda bakwai ne, akwai ja, akwai kore, akwai ruwan ƙwai, ba wanda ya kai faɗin ɗankwali, kowanne da irin yankansa. Na ɗauki ɗaya na ɗora mata a kafaɗa ina jiran ƙara. Shiru. Can ta ce, "Mene ne wannan mai sanyin daɗi?" Kafin in ba ta amsa ta ja numfashi, ƙyallen ya sulale ya faɗi ƙasa.

To kun ji inda matsalar take. Abin da fatarta ta yarda da shi ke nan duk duniya, ga shi guntu-guntu, ga shi ba ya zama, ga shi ba ya tare sanyi. Sai an haɗa shi, an kuma yi masa baya mai ɗumi.

Ni kuwa da karambani na zari allura. Kai, ban taɓa ganin tsinannen yadi irin wannan ba. In na haɗa baki biyu, kafin in soka allura na sama ya zame ya bar na ƙasa. In na ja shi ya miƙe ta kusurwa, in na sake shi ya tattare. Inda na huda kuwa zare ya riƙa warwarewa yana bin allurar. Kafin azahar na mayar da koren ƙyallen nan tsumma. Saura shida.

Ilu ya dubi ɓarnar da na yi ya kawar da kai, wanda ya fi zagi ciwo. Daga baya ya ce akwai wani tsoho a Gumel ana ce masa Cindo, in shi bai iya ba to babu mai iyawa. Washegari muka ɗaura wa jaki kaya muka bar Larai da jinya.

Mun same shi a wata rumfa a gefen kasuwa, tsoho ƙanjamamme, ido ya yi fari-fari, da ɗan yatsa na shida a hannun hagu. Me yake ɗinkawa? Akumarin jaki, shimfiɗar nan da ake ɗora masa a baya kafin kaya. Na dubi Ilu na ce a hankali, "Yaya, mai ɗinka wa jakuna ka kawo ni wurinsa da alharini?" Ashe tsohon kunnensa ras yake. Ya ce, "Jakunan ba su taɓa kawo ƙarata ba, 'yar nan. Zauna."

Ilu ya ba ni labari daga baya. Kafin zuwan Turawa lifidi tsohon yake ɗinkawa, rigar nan ta yaƙi mai cike da auduga wadda kibiya ba ta hudawa. Da yaƙi ya ƙare sai sana'ar ta mutu, ya koma kan jakuna.

Tsohon ya karɓi ƙyallayen yana murza su tsakanin yatsu, yana yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ta wane gefe take kwanciya? Ta rame sosai? In na ɗora mata tafin hannu a inda ba ta ƙone ba, tana jin nauyinsa? Da na gama amsawa ya ce, "To. Abin da zai taɓa ta ba a son ƙulli, ba a son tudun ɗinki, ba a son ko hudar allura. Shekara arba'in ina ɗinka abin da zai tare ƙarfe, ban taɓa ɗinka abin da zai lallashi fata ba. Amma bari mu gani."

Ilu ya koma gida, ni na sauka wajen gwaggonmu a cikin gari. Tsohon ya ce in nemo auduga in gurje in shiɓe ta sau uku, har sai ta zama in an hura ta tashi.

Rana ta farko ya gwada kafe bakin yadin da ƙaya, yadda yake yi wa akumari. Alharini ya ce bai san zancen ba, ya zame ya bar ƙayar a tsaye. Sai Baba Cindo ya ajiye komai, ya ɗora ƙyalle ɗaya a gwiwa, ya zauna. Wallahi tun hantsi har la'asar bai sake ɗaga allura ba. Ina gefe ina shiɓa, zuciyata tana tafasa, ina tuna Inna kwance tana karkarwa, shi kuwa yana shafa ƙyalle kamar mai lallashin kyanwa. Na ce, "Baba, in ba za ka iya ba ka faɗa mini tun da wuri." Ko kallo ban ishe shi ba. Sai da zan tafi ya ce, "Gobe ki taho mini da ƙaro, fari tas, irin wanda malamai ke sa wa tawada."

Da safe na tarar da shi a gidansa ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya kwantar a tsakar gida, wai shi ne abu mafi santsi da ya mallaka. Ya jiƙa ƙaron a ruwan ɗumi, ya tace da tsumma har sau biyu. Sannan ya shimfiɗa ƙyallayen a kan ƙyauren, ya ɗauki gashin kaza yana tsomawa yana shafa musu, yana daidaita zaren tsaye da na kwance da farcensa. Ni dai ban gane ba, na zuba ido. Da rana ta ɗaga suka bushe, ya ɓamɓaro ɗaya ya miƙo mini.

Ya sandare. Abin da jiya yake zuba a hannu kamar ruwa, yau ya zama kamar busasshen ganyen masara, har da ƙara yake in an taɓa.

Nan fa na manta da furfurarsa. Na ce ya cuce ni, ya cuci marainiyar Allah da ke kwance. Na ce laushin nan shi kaɗai na kawo masa, shi kuma ya kashe. Na ce ai laifina ne da na biye wa Ilu na kawo kayan mutane wurin mai jakuna. Har matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya bar ni na yi ta yi, da na tsagaita don in ja numfashi ya ce, "In kin gama, miƙo mini askar can."

Na miƙa masa, don ban san abin da zan yi ba kuma. Ya ɗora aska a bakin yadin ya ja, sai ga yanka ya tafi sak, ba zaren da ya motsa. Ya gyara bakin dukan shidan, ya jera su a kan ƙyauren yana juya wannan yana matsar da wancan, har suka zauna da juna ba rata, ba a yi asarar ko faɗin yatsa biyu ba. Zaren ɗinki kuwa cewa ya yi na auduga zai yi kaushi, in kawo koren da na lalata. Daga jikinsa ya riƙa zaro zare ɗaiɗai yana murzawa a cinya. Ya haɗa baki da baki, yadin yana tsaye inda aka ajiye shi kamar an yi masa tsawa, allura tana shiga tana fita.

Da ya gama haɗin ya kifa shi, duk tudun ɗinkin yana baya. Ya kawo wani tsohon farin yadi marar nauyi ya shimfiɗa a kai, ya riƙa kama tudun ɗinkin yana liƙa shi a jikin farin, ba tare da ya taɓa fuskar alharinin ba. Ya ce, "Shi wannan ba ya zama shi kaɗai, sai an yi masa uwa da zai riƙe. Yanzu ya samu. Je ki wanke shi da ruwan ɗumi, ruwa uku, kada ki murza, kada ki matse."

Na tsoma shi a ƙwarya. Ruwan farko ya yi yauƙi. A na biyu na ji abin yana saki a hankali a ƙarƙashin yatsuna. A na uku na ɗago shi, sai ga alharini ya dawo yadda Allah ya yi shi, yana sheƙi yana zuba, ja da ruwan ƙwai suna wasa a rana, amma yanzu falle ɗaya ne mai faɗin da zai rufe mutum. Na ja shi ta kusurwa, ya ƙi miƙewa, farin nan ya riƙe shi. Na daɗe a durƙushe gaban ƙwaryar ina cewa ikon Allah, ikon Allah. Sannan na je na durƙusa gaban tsohon na ce ya yafe mini. Ya ce, "Shanya shi a inuwa. Faɗan naki ma ya taya ni hira."

Na zaci an gama mai wuyar. Ina.

Washegari ya shimfiɗa shi, alharini a ƙasa, farin a sama. Ya baza audugar da na shiɓa a kai, sannan ya rufe da baƙin zanena na saƙi. Hawa huɗu ke nan. Ya ce dole a bi shi da ɗinki layi-layi yadda ake yi wa lifidi, in ba haka ba audugar za ta gangara ta dunƙule wuri ɗaya. Na ce, "To Baba, ai allurar za ta fito ta fuskar alharinin." Ya ce, "Ba za ta fito ba."

Ya ɗora abin a cinyarsa, ya tura hannun hagu ƙarƙashi, ya rufe ido. Allura ta huda baƙin zane, ta ratsa auduga, ta kama farin yadi, sai ta juyo sama. Tsakanin farin da alharinin babu ko kaurin gashi, amma a nan yake tsayar da ita. Da yatsan da ke ƙasa yake jin tsinin ya iso, ta bayan alharinin, kafin ya huda. Na ƙi yarda. Da ya yi kamu ɗaya na ce ya tsaya, na juya abin na ɗaga shi a rana ina neman huda. Babu. Sumul, kamar ba a taɓa kusantarsa da allura ba.

Na zauna na ƙura wa hannun nan ido. Hannu ne duk kanta, fatarsa ta tsattsage da jan igiyar akumari, ban san inda yake ɓoye wannan jin ba. Ba ya sauri, ba ya tsayawa. Layi yana bin layi kamar kunyoyin gona. Mutane suka soma shigowa kallo, wani maɗinkin riguna ma ya bar rumfarsa ya zo ya tsuguna, ya yi ta girgiza kai har ya tafi. Ni da nake da bakin magana, yini guda ban yi ta ba.

Ana cikin kwana na biyu na wannan aiki Ilu ya iso, fuskarsa kawai na gani na sha jinin jikina. Ya ce kwana biyu ke nan ko ruwa sai an matsa wa Inna, muryarta ma da ƙyar yake jiyowa ta bayan asabari. Saura kusan kashi ɗaya cikin uku a gama.

Na ce, "Baba, don girman Allah ka bi sauran da manyan ɗinki ka huda kawai. Wajen ƙafa ne, ba za ta ji ba."

Ya ce, "Kin ce ƙunar ta kai cinya."

"Ta kai."

"To za ta ji. In ta ji sau ɗaya ba za ta ƙara yarda a ɗora mata shi ba, kin fi ni sanin haka."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Na koma gefe na haɗa kai da gwiwa. Ya ci gaba a kan saurinsa na da, bai ƙara ba bai rage ba, salla kaɗai ke tashinsa, har hasken rana ya ƙare. Da gari ya waye kafin mu iso ya riga ya zauna. Wajen hantsi ya naɗo bakin alharinin ya rufe gefen ta sama, don ko gefen kada ya karce ta, ya cije zare.

Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce in dakata. Ya ɗaga fuskar alharinin ya riƙa bin ta da leɓensa, kamu bayan kamu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wai yatsa yana ƙarya, leɓe ba ya yi. Ilu yana tsaye riƙe da igiyar jaki, ni ina ji kamar in fizge in gudu. Can wajen tsakiya ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Ya ce, "Ga ɗaya." Na duba ban ga komai ba, na shafa ban ji komai ba. Ya warware wajen kamu guda ya sake ɗinkewa, ya sake bi da leɓe, sannan ya naɗe ya ba ni. Na ɗauka na ji ba nauyi, kamar na ɗauki kaza. Ya ce, "Ki ɗora daga kafaɗa, ki sake shi ya sauka da kansa. Allah ya ba ta lafiya."

Ban san yadda muka yi tafiyar nan ba. La'asar sakaliya muka shiga Ɗanzomo. Larai ta tare ni a ƙofar ɗaki ido jawur, ta ce Inna tana nan da rai. Na shiga. Inna ta ƙara ƙanƙancewa, haƙoranta suna haɗuwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na ce, "Inna, na kawo. Zan ɗora."

Ta ce, "Kada ki wahalar da ni, Laure."

"Sau ɗaya tak. In ya yi zafi na ɗauke, ba zan ƙara ba."

Sai na ga ta damƙe bakin tabarma da hannu biyu ta runtse ido. Na yi bisimilla na ɗora a kafaɗarta na saki. Ya sauka da kansa a hankali, ya bi bayanta, ya rufe ta har idon sawu.

Yatsunta suka soma sakin tabarmar ɗaya bayan ɗaya. Karkarwar ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Ta ɗan motsa kafaɗa don ta gwada, abin ya bi ta bai zame ba. Sai na ga hawaye yana gangarowa ta gefen hancinta yana ɗiga a tabarma.

Ta ce, "Na rufu?"

Na ce, "Kin rufu, Inna. Ba abin da ake gani sai kanki."

"Ɗaura mini ɗankwali."

Na ɗaura mata. Ta gyara shi da kanta, ta share fuska da bayan hannu, ta ce a ɗage asabarin. Ilu yana durƙushe a inda ya saba, kansa a ƙasa, ya buɗe baki zai yi gaisuwar da yake yi daga waje.

Ta ce, "Shigo mana. Matso nan inda haske yake."

Ya shigo da rarrafe, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu. Ta zaro hannu daga ƙarƙashin mayafin ta kama haɓarsa, ta juya fuskarsa dama da hagu, ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Wata uku ina jin muryarka, ban san haka ka rame ba. Larai, kawo mana kunu, ni da shi."